Murabus ɗin Baba Wayalis

Bangon ɗakinmu gumi yake yi. Ba zuzutawa nake ba, in ka shafa hannu sai ya jiƙe sharkaf. Madubi ya yi hazo, tayil ɗin ƙasa ya yi santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Haka birnin Guangzhou na ƙasar China yake a irin wannan lokaci na shekara, iskar ma da ruwanta take tafe. Mayafin da na wanke tun shekaranjiya yana nan rataye, ya ƙi bushewa, sai warin danshi. Ga kuma azumi. Mutum yana zaune ruwa a bango, ruwa a sama, ruwa a titi, maƙogwaronsa kuwa a bushe ƙayau.

Na daɗe ina zuwa garin nan sarin kaya, tun gwiwoyina suna da ƙwari. Yanzu 'yata Hafsa ce ke ciniki, ni rakiya nake yi. Masu shaguna a kasuwar Canaan da suka saba ce min lawban, wato mai gayya mai aiki, yanzu ita suke ce wa. Ni sai dai "mama, mama," su turo min kujerar roba. Ba na jin haushi. Maganar gaskiya ba na cika jin komai, daɗi ko akasinsa, kuma na san shekarar da abin ya same ni.

Jiya Hafsa ta ja ni unguwar Tianhe, wai za ta duba ƙananan sifiku na waya. A wani shago, can saman kanta, na hango wata 'yar rediyo da aka ƙera ta da siffar ta mutanen da: jikin katako, kai a zagaye, gaba an lulluɓe da yadi, ga maɓallai biyu manya. Yarinyar shagon ta ga ina kallo, ta sauko da ita ta murɗa. Aka fara ƙarar shuuu da ƙas-ƙas, sannan muryar wani Bature ta fito, tsohuwar murya, tana zuwa tana komawa kamar daga cikin rijiya. Na tsaya cak ina sauraro.

"Umma, lafiya? Sugan ne?" in ji Hafsa.

"Ba suga ba ne. Ce mata ta ba ni guda ɗaya."

Yarinyar ta kaɗa hannu. "Ɗaya? Meyo, meyo." Wai babu, sai dai katan. Hafsa ta yi ta fama da ita har ta yarda ta ba mu ta gwajin.

"Umma, don Allah wa zai sayi wannan abin a Kano?"

"Wa ya ce miki ta sayarwa ce?"

Ga ta nan a kan tebur, kusa da kwanon buɗa-bakinmu. Tun jiya nake kallonta, kuma ba ita nake gani ba. Kakana nake gani, Malam Audu, wanda duk ƙauyenmu, can arewa da Kano, ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baba Wayalis ake ce masa, saboda da ƙuruciyarsa ya yi aiki a gidan wani Baturen mulki, shi ne mai kula da akwatin da ke kamo magana daga Ingila. Ni kuwa Tsoho nake ce masa, shi ya ce min matata, irin wasan nan na kaka da jika. In ya ce, "Matata, yau me kika dafa wa mijinki?" sai in murguɗa baki in ce Allah ya kiyaye in auri marar haƙori.

A shekarar da nake nufi, azumi ya faɗo a ƙarshen bazara, lokacin da ya kamata a ce damina ta sauka. Ba ta sauka ba. Ta bara ma ba abin kirki ta yi ba, rumbunanmu manya ba su cika ko rabi ba. Zafin shekarar ba irin na kullum ba ne. Tun hantsi ƙasa ke ƙuna, ko takalmi ka sa sai ka ji ta. Iska in ta taso kamar daga bakin murhu. Rijiyar unguwa ta ja baya, ana ta ɗaura tsumma a ƙarshen igiya don guga ya kai, ya fito da ruwa ja mai yashi. Kaji suka daina tono, sai su buɗe baki su kwanta a gindin randa.

An yi shuka sau biyu. Ta farko binne aka yi a busasshiyar ƙasa, ana sa ran ruwa zai tarar da ita. Aka yi ɗan yayyafi, ta tsiro, rana ta cinye ta. Ta biyu bayan wani hadari ne da ya zubar da ruwa kamar da gaske. Gidanmu kaf muka fita, maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Gero ya fito kore shar har ya kai tsawon yatsa. Daga nan sama ta wanke fes. Muna kallo ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. An fita roƙon ruwa, maza sun juya rigunansu, an kai yara da dabbobi bayan gari. Muka dawo da ƙura a ƙafa.

Gidanmu gandu ne, wato gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Akwai Baffa Haruna, yayan mahaifina, da matarsa da 'ya'yansu, akwai ƙannensa da nasu iyalin. Mahaifina ya tafi cin rani kudu tun bayan kaka, shiru ba aike. Duk wannan taron, abin da za mu ci daga hannun Tsoho yake fita. Kowace safiya zai zauna a gindin rumbu da ƙwaryar awo, wata 'yar baƙar ƙwarya da aka ɗinke tsagewarta da zare. Ya cika, ya shafe bakin da tafin hannu, ya juye a ƙwaryar mai girki. Kowane kai da rabonsa, ba a fifita ɗan wani a kan ɗan wani. Can gefe kuma akwai ƙaramin rumbu na iri, shi ba a ko jingina da shi.

Awon ya yi ta raguwa. Da fari aka daina surfe, ake niƙa hatsin da dusarsa. Sannan aka fara cika tukunya da ganye. Da sassafe mata da 'yan mata mu bazama jeji neman yaɗiya da tafasa da duk wani abu kore da akuya ta bari. Mu tsinci aduwa mu tsotsa, mu fasa ƙwallon goruba. Har gidan tururuwa mun tona, mu sheƙe ƙasar mu fitar da 'yan ƙwayoyin da suka tara. Kunun buɗa-baki ya koma ruwa zalla, kana iya ganin gindin ludayi. Tuwon dare kuwa baƙi ne, mai ɗaci, yana kankare maƙogwaro. Abin da na fi tunawa shi ne shirun gidan. Yara sun daina faɗa, jarirai sun daina kuka mai ƙarfi, turmi ma a hankali yake amsawa.

Tsoho yana da 'yar rediyonsa mai rigar fata, ba ya rabuwa da ita. Da batir ya yi sanyi sai ya shanya shi a rana, ya samu ya ji labarun London na ɗan lokaci. Daga baya rana ma ta gaza. Ba abin sayen wani, kuma ba wanda zai yi zancen batir a gidan da ake tonon tururuwa. Amma bai fasa ba. Bayan la'asar zai zauna a inuwar zaure, ya ja eriya, ya kara matacciyar rediyon a kunne, yana gyaɗa kai. Yara su kewaye shi.

"Baba, me ya ce?"

"Ya ce gobe za a yi ruwa."

Kullum amsar ke nan. Tun muna kai wa iyayenmu labari da gudu har muka daina.

A tsakiyar azumin ne ƙafafuna suka fara kumbura. Ina 'yar budurwa lokacin, shekarar da na fara azumi cikakke. In Inna, mahaifiyata, ta danna yatsa a ƙaurina sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai dawo ba. Gashina ya yi ja, yana bin mataji. Aka ce in ajiye azumin, na ajiye, amma bambancin bai taka kara ya karya ba, tunda da rana ma ba a ɗora tukunya. Na daina bin su jeji. Ina kwance a ƙofar ɗaki ina kallon ƙuda, ba na jin ciwo, ba na jin tsoro. An binne yara biyu a unguwarmu da irin wannan kumburin, na kuma sani sarai.

Wata safiya Inna ta je ta durƙusa a gindin rumbu. Ina jin su daga inda nake kwance.

"Baba, yarinyar nan fa."

"Na gani."

"Ko ɗan ƙari ne, a yi mata kunu mai kauri."

"In na ƙara mata, me zan ce wa matar Haruna da nata 'ya'yan? Yau na ƙara wa ɗaya, gobe kowa ya kafa murhunsa, jibi a fasa rumbun iri."

Ya cika ƙwaryar, ya shafe bakin da tafin hannu kamar kullum. Inna ta dawo ɗaki ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Tsohon nan ba shi da imani." Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Shi kuwa ba shi da yadda zai rage nasa ya ba ni. A gidanmu mai gida a zaure yake ci, akushi ɗaya da 'ya'yansa maza. Shi ke fara sa hannu, in kuma ya tsame, su ma kunya ta sa su tsame. Abin da ya rage na samarin da ke zaune a bakin ƙofa ne. Ko loma ɗaya ba ta da hanyar da za ta bi daga akushin nan ta iso cikin gida wurina.

Ana cikin haka Baffa Haruna ya fara magana. Mutum ne mai zafi, kuma 'ya'yansa ma sun rame. Shi a ganinsa a buɗe rumbun iri a ci, in ruwa ya zo Allah ya kawo wani. Tsoho ya ce ba a gabansa ba. Aka yi ta ja, har wata rana bayan an sha ruwa muka ji muryar Baffa ta tashi daga zaure.

"Baba, ka tsufa da wannan wahalar. Ka huta mana! Ka bar mu mu ji da ita."



Washegari bayan la'asar Tsoho ya sa aka tara gidan, maza da mata, a gindin rumbu. Ya ɗauko ƙwaryar awo ya ajiye a gaban Baffa Haruna.

"Na yi murabus," in ji shi.

Wani daga cikin samarin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, don kalmar ta sarakuna ce, ba ta masu rumbu ba. Tsoho bai yi dariya ba. Ya ce sharaɗinsa biyu. Na farko, Haruna ya rantse ba zai taɓa iri ba. Baffa ya ga idon mutane, ya rantse. Na biyu, tunda ya sauka, ya bar cin zaure. A riƙa zuba masa nasa daban a kai masa ɗaki.

"Matata ce za ta riƙa kawo min. Ita za ta wanke kwanon."

Kafin magariba zancen ya gama gari: 'ya'yan Malam Audu sun tsige shi. A masallaci aka daina matsa wa Baffa Haruna a sahu. Har ya koma ga Allah, shekaru da yawa bayan haka, akwai tsofaffin da ba su daina yi masa kallon wanda ya ƙwace ƙwarya daga hannun ubansa ba.

Ranar farko kusan da rarrafe na kai kwanon. Ɗakinsa ƙarami ne, buzu da buta da rediyo, sai warin taba gari. Aka kira salla, ya kurɓi ruwa, ya gutsuri loma ɗaya, ya ƙara ta biyu, sannan ya yamutsa fuska.

"Kai! Wannan dusar ba ta masu dasashi ba ce. Kawar min da shi."

Na ɗauki kwanon zan fita.

"Ina za ki? So kike a ce na raina girkin surukaina? Zauna nan ki cinye. Ragowar kwanon kaka ai ta mai wanke shi ce, ko an canza?"

Ba a canza ba. Na zauna na fara ci. Shi kuma ya jingina da bango, ya ɗaga murya yadda na tsakar gida za su ji hira ake yi, ya fara ba ni labarin gidan Bature.

Haka muka yi ta yi kullum, ina ci yana labari. Ya ce akwatin nan na Di'o, wani dogon Bature da suke kira Mai Lofe, ya kai girman adakar amarya. Batirinsa mai ruwa ne, nauyi kamar dutsen niƙa, shi ke ɗaukarsa a ka zuwa tashar jirgin ƙasa a yi masa caji. Ruwan ya taɓa ɗiga ya cinye masa riga sabuwa. Shi ya hau rimi ya ɗaure wayar da ke kamo maganar. In an kunna sai a jira fitilun ciki su yi ja, sannan a yi ta murɗawa ana bin muryar kamar ana bin zabo a jeji.

Ya ce duk Kirsimeti Turawan wurin sukan taru a falon Mai Lofe, don tsohon Sarkin Ingila, wani mai gemu, yakan yi wa ƙasashensa magana ta cikin akwatin. "Matata, da idona na ga Bature ya miƙe tsaye ya cire hula saboda katako. Mutumin da dagatai ke faɗuwa a gabansa!" Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki ba maganar ba ce, tunda shi Tsoho Turancinsa na kicin ne. Wata shekara ya ji sarkin ya yi gyaran murya, irin na kowane tsoho. Ya koma bayan gida yana ta mamaki, ashe sarkin da sunansa ke kan kobo shi ma majina na damunsa.

Tsohon sarkin ya rasu, babban ɗansa ya hau. Bai shekara ba rigima ta tashi. Wannan labarin Tsoho ya fi so, ya maimaita min shi ban san iyaka ba. Sabon sarkin ya ga wata mata ya ce sai ita. Matar kuwa bazawara ce, aurenta biyu. Wazirinsa da 'yan majalisa da manyan malaman cocinsu suka ce ba za ta yiwu ba, ko ita ko gadon sarauta.

"Don bazawara kawai?" na tambaya, bakina cike.

"Abin da muka ce ke nan ni da kuku! Bazawara kuma wani abu ce? Kakarki ma ai a bazawara na same ta, ba wanda ya tara majalisa." Ya ce a nan ya gane su can rawani na sarki ne, amma igiyar tana hannun masu majalisa.

Ya ce shi ma lokacin azumi ne, goman ƙarshe, ana sanyi. Turawa suka cika falon, ba mai shan komai. Shi yana tsugune a bayan akwatin yana riƙe da wayar batir don kar ta motsa, ya fi kowa kusa da muryar. Sarkin ya yi magana a hankali, kamar mai ɗauke da kaya a ka. Daga baya kuku ya fassara masa: wai ba zai iya ɗaukar nauyin ba in babu matar, ya sauka, ya bar wa ƙaninsa. Matar wani Bature ta fashe da kuka. Mai Lofe ya daɗe yana kallon bango, lofen ya mutu a hannunsa.

Da safe aka tara hakimi da dagatai a gaban ofis. Mai Lofe ya yi bayani, tafinta ya juya ya ce, "Sarkin Ingila ya yi murabus." Su a iya saninsu, murabus abu ne da Bature ke yi maka. A kira ka ofis saboda haraji bai cika ba ko wani ya kai ƙararka, a ce ka yi murabus, ka ce ka yi, a sanar cewa da kanka ka sauka. Can sai wani tsohon dagaci ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, wane ne ya yi masa?"

Wani daga baya ya ce, "Shi ma Lokoja za a kai shi?" Don can ake kai sarakunan da aka cire.

Mai Lofe ya yi jajir, ya ce ba wanda ya yi masa, da kansa ya sauka. Dagatai suka haɗa baki, "Haka ne, ranka ya daɗe." Ai kullum haka ake cewa. Tsoho ya ce har aka watse suna ta raɗa, suna son sanin wane Bature ne ke sama da Sarkin Turawa.

In ya kawo nan sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa ina sauraro ne da rabin kunne. Hankalina yana kan gefen kwano, inda tuwo ke maƙalewa.

Aka yi salla ba ɗinki, ba nama. Na ɗauka shi ke nan, zai koma ci. Sai ya ce zai yi Sitta Shawwal. Da ta ƙare ya ce akwai ramuwar azumin da ya sha a gidan Bature. Bayan ita Litinin da Alhamis. Daga baya ya daina neman dalili, sai dai ya tura min kwanon da bayan hannu. Kumburina ya fara saɓewa. Na fara kai kwanon a tsaye. Shi kuma rigarsa ta yi masa yawa, in ya ɗaga rediyo zuwa kunne sai ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan. Ban yarda cewa ba wanda ya lura ba. Inna ta lura, don ta daina cewa ba shi da imani, ta kuma daina haɗa ido da ni in na dawo da kwano a wanke. Ba wanda ya ce uffan. Kowa yana da wanda yake so ya rayu.

Ruwan ya zo wata ranar da ba wanda ya duba sama. Da azahar gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke shanya, sai ƙamshin ƙasa. Ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya wuni, ya kwana. Baffa Haruna ya cika alkawari, iri yana nan ba a taɓa ba. Da kansa ya hau ya ɗaga murfin ƙaramin rumbu. Muka fita shuka ta uku, maƙwabta suka shigo mana, mu ma muka shiga musu, mutane kamar karan dawa suna sara suna haki. Ina cikin masu jefa iri, da ƙafafuna, taɓo yana shiga tsakanin yatsuna. Da na dawo na tarar da Tsoho a kwance, rediyon a kan ƙirjinsa.

"Ban gaya muku ba?" in ji shi. "Ya ce za a yi."

Bai ƙara fita zaure ba. Aka yi noman firi, aka yi maimai, gero ya kai ƙugu, amma rumbu fayau, wannan ne lokacin da yunwa ta fi cizo. Wata yamma ina cin tuwonsa, ana yayyafi a waje, na yi masa tambayar da ake ta yi a bakin rijiya.

"Tsoho, wai Baffa ne ya cire ka, ko kai ka sauka?"

Ya buɗe ido. "Tambayar dagatai ke nan."

"To shi wancan sarkin fa? Cire shi aka yi?"

"An tura shi, ya kuma tafi da ƙafarsa. Ni na ji muryar, duka biyun suna ciki." Ya maida numfashi, sannan bakinsa ya motsa irin na in zai tsokane ni. "Shi duniya guda ya ajiye saboda bazawara. Ni 'yar ƙwarya na ajiye, saboda matata sabuwa fil. Ki faɗi gaskiya, wa ya fi wani dabara?"

Na ce, "Allah ya kiyaye in auri marar haƙori."

Abin da na ce masa ke nan. Na ji maganar, na kuma gane ta, ba yarinya ƙarama ba ce ni. Amma ba abin da ya motsa a ƙirjina. Na sa yatsa na kwashe gefen kwanon na lashe. Shi kuwa ya ji daɗin amsar, ya yi 'yar dariya, ya rufe ido.

Ya rasu gero yana fitar da kai, kafin a fara gasa tumu. Mata suka yi kuka iya ƙarfin da ya rage musu. Baffa Haruna ya fi kowa, har sai da aka riƙe shi, mutane suna kallonsa suna taɓe baki. Ni ban yi ba. Na zauna a ƙofar ɗakin ina jira in ji wani abu, ban ji ba. Da aka gasa tumun farko aka ba ni, na murza na ci, yana da daɗi. Na yi aure, na haihu, na binne Inna, na binne mijina, na hau jirgi na zo ƙarshen duniya ina sayen riguna katan-katan. A duk wuraren nan mutane suna yaba min haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Wani wuri ne a ƙirjina ya lotsa tun shekarar, bai dawo ba.

Ɗazu da magariba ta gabato, sama ta sake ɓarkewa. Daga tagarmu ba ka ganin komai sai fitilun motoci a cikin ruwa da mutane suna gudu da lema. Hafsa ta sayo shinkafa da naman rago a gidan abincin Musulmin China da ke ƙasanmu, ga dabino, ga lemo, ga kankana, abin da zai ishi zaurenmu na da har da samarin bakin ƙofa. Muka sha ruwa. Na murɗa 'yar rediyon, muryar ta sake fitowa cikin ƙas-ƙas ɗinta.

"Hafsa, wayarki ba tana fassara ba? Ji min abin da yake cewa. Ko sarkinsu ne."

"Wane sarki kuma, Umma?"

"Ke dai ji min."

Ta kara wayar a jikin yadin, tana tauna dabino. Ta duba, ta yi dariya.

"Ba wani sarki. Tsohon rahoton yanayi ne kawai suka sa don gwaji. Mutumin nan ai ya daɗe da mutuwa."

"Me ya ce?"

"Wai iska za ta taso daga yamma." Ta ƙara dubawa. "Ya ce gobe za a yi ruwa."

Muryar ta kai ƙarshe, ta koma farko da kanta. Hafsa ta ajiye wayar tana kallona.

"Umma, fuskarki ta jiƙe."

"Garin ne," na ce. "Komai gumi yake yi."

Ta turo min kwanon, ta ce abincin zai huce. Na jawo shi gabana. Na cinye shi a nan inda nake zaune, har gefen, sannan na tashi na wanke.